Masu Shirin Kai Yara Bakin Teku: Wa Ke Kallon Yaron?

Hutun makaranta ya sake matsowa, ni kuma gabana ya fara faɗuwa. Asibitin da nake aiki yana wani gari ne na bakin teku, irin garin da magidanci zai shekara yana tara kuɗi don ya kawo iyalinsa su sha iska, kuma a sashen gaggawa na yara nake. Da zarar otal-otal sun cika, mun san gadajenmu ma sun kusa cika. Wani rana ta buge shi, wani gudawa, wani kwalba ta yanke shi a cikin yashi. Waɗannan duk da sauƙi, mu ba su magani su koma su ƙarasa hutunsu. Wanda ke hana ni barci shi ne yaron da ake shigowa da shi a guje, jiƙe sharkaf, jiki ya saki, uwa na biye ba takalmi ba ɗankwali.

Kuma maganar ba ta canzawa. Na ji ta har na haddace.

"Wallahi Sista, yanzun nan na gan shi."

"Ni na ɗauka yana wajen babansa."

Baban kuma ya juyo ya ce, "Ba wajenki na bar shi ba?"

A hutun da ya wuce an kawo mana wani ɗan shekara uku daga wurin ninƙaya na otal. Manya shida ne suka zo da shi: uwa, uba, kaka, ƙanen uba da matarsa, da wata 'yar'uwa. Ba wanda ya yi nisa da ruwan da taku goma. Uwar tana zaɓen hoton da za ta ɗora a WhatsApp, uban yana amsa kiran ofis, sauran suna hira. Wani baƙo da bai san su ba shi ya hango abu a ƙasan ruwa ya faɗa ya ɗauko shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya kwana biyar a wajenmu ya tashi. Da na tambayi uwar wa aka ɗora wa kallonsa a lokacin, sai ta dube ni cikin hawaye ta ce, "Ai duk muna wurin." To, abin da ya kusa kashe shi ke nan. Duk kuna wurin, kowa ya jingina da wani, yaro ya tashi ba mai shi.

Ba ina faɗa don na fi ku son 'ya'yanku ba. Na ga yadda kuke shiri, sabbin kaya, sababbin takalma, an yi wa kowa aski da kitso, an yi wata guda ana ƙirga kwanaki. Uwar da ta yi shekara tana fama da wanki da girki da kai yara makaranta, ta cancanci ta miƙe ƙafa ta kalli teku. Ban hana ba. Amma don Allah, don Annabi, in yaro yana kusa da ruwa, a ajiye wayar nan.

Abin da ya yaudare ku shi ne fim. A fim mai nutsewa yana ɗaga hannu yana kururuwa, ruwa na fantsama, jama'a su ruga. Yaro ba ya yin haka. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan numfashin da ya samu bai ishe shi ihu ba. Shiru yake tafiya, a tsaye, kai a ɗage, kamar mai wasa. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace daga saman ruwa. Ƙwaƙwalwa kuwa minti huɗu zuwa shida ba iska, ta fara lalacewa. Yanzu ki auna da kanki, minti nawa kike yi a kan bidiyo ɗaya a TikTok, da wanda ya biyo bayansa, da amsa saƙon ƙawar da ta ce "kai, kun ji daɗinku"? Kina zaune taku biyar da shi ba za ki ji komai ba. Kuma ba sai ruwa mai zurfi ba. Mai rarrafe da mai koyon tafiya, ruwan da bai kai idon sawunki ba ya ishe su, in suka kifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nutsewa. Ni dai ba na bukatar rahoto, ina da littafin rajistar ɗakinmu.

Ga abin da nake so ku yi, kuma ba ya cin ko sisi. Tun kafin ku sauko daga ɗaki, a ambaci sunan mutum ɗaya. Ɗaya. Babba, mai hankali, wanda ba barci yake ji ba. Shi ne mai kallo na minti goma sha biyar ko ashirin. Wayarsa tana cikin jaka, jakar a zuge. Ba ya cin abinci, ba ya karatu, ba ya hira har ya juya baya. In yaron bai kai shekara biyar ba, ko bai iya iyo ba, to kallo daga kan kujera bai wadatar ba: a tsaya inda in an miƙa hannu za a taɓa shi. In lokacinsa ya cika, ya miƙa wa na gaba da baki, a ji: "Baban yara, na ba ka su, su uku ne." Shi kuma ya amsa, "Na karɓa." Wasu iyalan suna amfani da hula guda, duk wanda take kansa shi ne kan aiki. In fitsari ya kama ka kuma ba wanda za ka miƙa wa, fito da yaran daga ruwa ku tafi tare, su yi kukansu. Kukan yaro a bakin banɗaki ya fi min daɗin ji a kan shirun da nake tararwa a kan gado.

Kuma ku daina ce wa 'yar shekara tara, "Yaya, kula da ƙanenki." Ita ma yarinya ce, ita ma yau ta fara ganin teku. Na taɓa zama da wata yarinya irin wannan a barandar asibiti, ta ƙi ci ta ƙi sha, tana ta maimaita cewa laifinta ne. Ba laifinta ba ne. Kun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta, ku kuna ɗaukar hoton faɗuwar rana.

Ma'aikacin ceto da kuke gani a kan doguwar kujera shi ma ba ɗan raino ba ne. Idonsa a kan ɗaruruwan kawuna yake, bai san wanne ne naki ba.

Sai batun masauki, inda nake ganin sakaci tun daga gida. Mutum zai yi awa biyu yana duba otal a intanet: akwai karin kumallo? Taga na kallon teku? Intanet ɗinsu na da ƙarfi? (Wannan ta ƙarshe ita ce ba a mantawa.) Ban taɓa jin wanda ya buga waya ya tambaya ko wurin ninƙayar yana da shinge da ƙofa mai kulle kanta ba. Ku tambaya. Ku tambaya ko ƙofar ɗakin da za a ba ku tana buɗewa kai tsaye zuwa ruwa, in haka ne ku ce a canza. In gida za ku kama haya mai wurin wanka a tsakar gida ba shinge, kuma kuna da ɗan shekara biyu, ku nemi wani gidan, komai kyansa komai arharsa. Ku tambaya ko gaɓar da ke kusa tana da ma'aikatan ceto, da ƙarfe nawa suke tashi. Ku san asibiti mafi kusa, ku san lambar gaggawa ta ƙasar da za ku, ku rubuta ta a takarda. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911.

Ranakun da na fi tsoro biyu ne, ranar isowa da ranar komawa. Ana sauke akwatuna, ana cike takarda a wajen karɓar baƙi, ana neman makulli, kowa ya gaji. Yaro ya hango ruwa shuɗi yana ƙyalli, ya sulale. Ba a sa masa kayan wanka ba, don haka ba wanda ya kawo ruwa a ransa. In kun nemi yaro kun rasa, ku fara duba ruwa. Ba ƙarƙashin gado ba, ba wajen mota ba. Ruwa tukuna.

Robobin nan da ake hurawa, na hannu da na zobe da mai siffar agwagwa, kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, suna kifar da yaro kansa ƙasa ƙafa sama. A teku kuma iska daga tudu takan tura su can ciki da yaron a kai, kafin ki miƙe tsaye ya yi nisa. Babbar illarsu ma ita ce suna sa uwa ta saki jiki ta koma kan waya. In za ku saya, ku sayi rigar ceto ta gaske daidai nauyin yaron, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, ballantana in za ku shiga kwalekwale. Ko da rigar, ido na kansa.

Teku kuwa ba kogi ba ne, ba tafki ba ne. Akwai wata igiyar ruwa mai ja da ƙarfi daga gaɓa zuwa ciki, kuma sau da yawa inda take nan ne ruwan ya fi kama da kwantacce, babu raƙuman ruwa masu fashewa. Baƙo sai ya ce, "Yawwa, ga wuri mai lafiya, ku zo nan." Nan ne wurin da 'yan gari ke gudu. Ku yi wanka tsakanin tutoci masu ja da ruwan ɗorawa, in an kafa su. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga, kuma ba ta san kuɗin jirgin da kuka biya ba. Wanda igiyar ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya kwanta rigingine a kan ruwa ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya bi ta gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga cikinta. Alhaji, in ba ka iya ruwa ba kada ka faɗa don ceto, gawa biyu za a kawo mana. Yi ihu, kira masu ceto, jefa abin da ke yawo a kan ruwa, miƙa sanda ko zane.

In an fito da yaro, ku daina juya shi kai ƙasa kuna jijjigawa, ku daina danna masa ciki wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma amai zai koma masa huhu. In ba ya numfashi, iska yake bukata: a kwantar da shi, a hura masa a baki, a danna ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya iso. Wannan ba a koyonsa a rubutu, ku je a nuna muku da hannu kafin tafiya, rabin yini ya isa. In kuma ya farfaɗo amma yana ta tari, ko numfashi da sauri, ko wani irin barci da bai saba ba, ku kawo shi a ranar, ko da ya ce lafiyarsa lau.

Na san abin da za a ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ina ganin ta kullum a wurin aiki fiye da yawancinku. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar akwatinsa a buɗe a filin jirgi ya tafi shan shayi yana cewa tsautsayi ba. Jakar hannu kuna rungume da ita, fasfo kuna shafa aljihu kowane minti biyar. Yaron fa?

Sauran abubuwan, a gurguje, don kada a ce ban faɗa ba:

Rana ta fi ƙuna daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ku nemi inuwa, ku fita da sassafe ko da la'asar. Baƙar fata ma tana ƙonewa, ku daina musu da ni; a shafa man kariya daga zafin rana mai lamba SPF 30 ko sama (lambar ƙarfin kariyar da ke jikin kwalbar), a sake shafawa duk awa biyu da bayan an fito daga ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba, inuwa kawai, da nono akai-akai. A ba yara ruwan sha tun ba su nema ba. Kada a bar yaro a mota a rufe, ko na "bari in shiga in fito". Ku taho da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da farasitamol, da bandeji, da katin rigakafi. Mai asma da abin shaƙarsa. Mai farfaɗiya da maganinsa, kuma shi kam ba ya shiga ruwa sai da babba a gefensa, komai girmansa. Takalmin roba saboda yashi mai zafi da fasassun kwalabe. A zubar da ruwan bahon wanka da bokiti da zarar an gama. A sa wa yaro kayan wanka masu launi mai haske, ja ko ruwan lemo, don shuɗi da fari ɓacewa suke a cikin ruwa.

Hoto kuwa, na san sai an ɗauka. Wanda hular ba ta kansa ya ɗauka, ya tura miki da daddare bayan yara sun yi barci kuma an sa wa ƙofa sakata.