Waiwaye: Gaɓar Sanriku da igiyar da ta wuce lissafi

Kimanin kilomita 200 daga gaɓar arewa maso gabashin Japan akwai wani dogon kwazazzabo a ƙarƙashin Tekun Fasifik. A nan ne faifan dutsen da ke ɗauke da tekun yake kutsawa ƙarƙashin wanda ke ɗauke da tsibirin Honshu, yana cin santimita 8 zuwa 9 duk shekara. Tafiyar ba sumul take ba. Faya-fayan biyu sukan cije da juna, na ƙasa ya yi ta jan bakin na sama yana lanƙwasa shi kamar baka da aka ɗana. Ranar da cizon ya saki, bakin ya zabura, ya ɗaga duk ruwan da ke kansa. Igiyar tsunami ke nan. A tsakiyar teku tana gudun kilomita 700 a awa, amma da ƙyar jirgin ruwa zai ji wucewarta. Sai ta iso bakin gaɓa take rage gudu ta miƙe tsaye.

Mutanen Sanriku, wani yanki na wannan gaɓa ta arewa maso gabas, sun daɗe da saninta. A daren 15 ga Yuni 1896 girgizar ƙasar da aka ji ba ta taka kara ta karya ba, don haka ba a gudu ba. Bayan rabin awa ruwa ya hau tudu har mita 38 a wani wuri, ya ci rayuka kusan 22,000. A 1933 ya dawo, ya ɗauke wasu 3,000. Garin Taro, wanda aka shafe har sau biyu, ya fara gina katanga mai tsayin mita 10 a 1934. Da igiyar girgizar ƙasar Chile ta ratso teku a 1960 garin ya tsira, sai hankali ya kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gargaɗin yana nan a rubuce. Kundin fadar sarki ya ambaci ambaliyar shekarar 869, wadda ta nutsar da mutum kamar 1,000. Masana sun haƙa gonakin shinkafa na filin Sendai, suka tarar da shimfiɗar yashin teku binne a ƙarƙashin laka, kilomitoci daga gaɓa. A 2009 masanin ƙasa Yukinobu Okamura ya tayar da maganar a taron duba tsaron tashar nukiliya ta Fukushima. Duk da haka lissafin hukuma ya tsaya kan girgizar 'yan ƙarnonin baya-bayan nan, ana jiran mai maki 7.5 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa a gefen jihar Miyagi, inda Sendai yake, alhali dutsen nan tarin shekara dubu yake yi.

Ranar 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana, cizon ya saki da maki 9.0. Kusa da kwazazzabon ƙasan teku ya zame kusan mita 50. Sanarwar farko, wadda ta fito cikin minti uku, ta ce maki 7.9 ne, igiyar mita 3 ce za ta iso jihar Iwate, inda Taro yake. Mai katangar mita 10 me zai firgita shi? Kafin a gyara adadin, wuta ta ɗauke a wurare da dama. Ruwa ya haura katangar Taro, ya kuma afka wa tashar Fukushima da tsayin mita 14 zuwa 15, inda aka yi tanadin igiyar mita 5.7. Matattu da waɗanda suka ɓace sun haura 18,000, akasarinsu nutsewa suka yi.

Tun 2013 hukumar yanayi ta Japan ta daina faɗin adadin mita a sanarwar farko idan girgizar babba ce. Cewa take yi gagarumar igiya na tafe, a hau tudu. An shimfiɗa na'urori 150 a ƙasan teku don su ji motsin ruwa tun daga tushe. An kuma sake gina katangu na ɗaruruwan kilomita, ta Taro ta kai mita 14.7, ko da yake masunta da dama na kukan cewa yanzu ba sa iya hango teku daga cikin gari.