Dokar Ohm da lissafin turjiya da ƙarfin lantarki

Dokar Ohm ƙa'ida ce a ilimin fiziks da ke bayyana dangantakar abubuwa uku a zagayen lantarki: matsi, kwarara da turjiya. Matsi shi ne abin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt, harafinsa V. Kwarara ita ce yawan cajin da ke ratsa waya a kowace daƙiƙa, ma'auninta amfiya, harafinta I. Turjiya kuwa ita ce yadda waya ko na'ura ke hana wutar wucewa cikin sauƙi. Ana auna ta da om, mai alamar Ω, a lissafi kuma ana rubuta ta da R. Malamai kan kwatanta su da ruwan famfo: tsayin tanki matsi ne, ruwan da ke zuba kwarara, ƙuncin bututu kuma turjiya.

Asali

An raɗa wa dokar sunan Georg Simon Ohm (1789–1854), Bajamushe haifaffen Erlangen, wanda malamin lissafi ne a wata makaranta a birnin Kolon lokacin da ya yi gwaje-gwajensa. Batiran zamanin ba sa riƙe matsi ɗaya, shi ya sa ya haɗa ƙarafa biyu, bismut da jan ƙarfe, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami wuta tsayayya. Ya wallafa sakamakon a 1827, amma masanan ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 ƙungiyar Royal Society ta Landan ta ba shi lambar Copley. Henry Cavendish na Ingila ya riga shi gano wannan dangantaka a 1781, yana auna wutar da girgizar da take yi wa jikinsa, sai dai bai wallafa ba. James Clerk Maxwell ne ya fito da rubuce-rubucensa a 1879.

Yadda ake lissafin

Dokar ta ce V = I × R. Idan an san matsi da kwarara, turjiya ita ce R = V ÷ I. Ƙarfi, wato saurin da na'ura ke cin makamashi, ana auna shi da wat, harafinsa P, kuma P = V × I. In aka haɗa biyun sai a sami P = I² × R da P = V² ÷ R, inda I² ke nufin I × I, V² kuma V × V. Duk wanda ya san biyu daga cikin huɗun nan zai iya fitar da sauran.

A ɗauki dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 a kan wutar gida ta bolt 230, irin wadda ake rabawa a Najeriya. Kwararar da yake ja 1,000 ÷ 230 ce, kusan amfiya 4.35, turjiyarsa kuma 230 ÷ 4.35, kusan om 53. In ya yi awa ɗaya yana aiki ya ci kilowat-awa ɗaya, abin da mita ke ƙirgawa a matsayin yunit ɗaya. Filogi mai ƙafa uku da fis ɗin amfiya 13 kuwa iyakarsa 230 × 13, wato wat 2,990.

Tasirin ninki

Inda lissafin ya fi amfani shi ne wurin ninkin nan da ke cikin I² da V², kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, matsi ya sauka zuwa bolt 180, dutsen gugar nan kusan wat 610 kawai zai bayar. Matsin bai ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma zafin ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar.

Haka abin yake a waya. James Prescott Joule ya nuna a farkon shekarun 1840 cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin I² × R. Wayar da turjiyarta om 0.05 ce, in amfiya 4.35 ta bi ta cikinta, asarar ba ta kai wat ɗaya ba. Amma inbata da ke jan wat 1,000 daga batirin sola mai bolt 12 tana buƙatar fiye da amfiya 83, kuma a wannan wayar asarar za ta haura wat 340, zafin da ya isa ya narkar da robar jikinta. Dalilin ke nan da ake sa waya mai kauri, gajera, tsakanin batir da inbata, ake kuma haɗa manyan sola a kan bolt 24 ko 48. Da wannan hujjar ce manyan layukan Najeriya ke ɗaukar wuta a bolt 330,000 da 132,000 kafin taransifoma su sauko da ita: in aka ninka matsi sau biyu, kwarara ta ragu da rabi, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Iyakar dokar

Ba kowace na'ura ce ke bin dokar sau da ƙafa ba, domin turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 turjiyarsa kusan om 880 ce yana ci, amma in aka auna shi a sanyaye ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Shi ya sa ya fi ƙonewa a daidai lokacin kunnawa. Fitilun LED kuwa kwarararsu ba ta tafiya daidai da matsi ko kaɗan.

A wutar gida, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, P = V × I yana aiki kai tsaye ne ga masu dumama kawai, irin su hita da butar lantarki. Fanka, firji da injin ban ruwa suna da naɗin waya da ke sa kwarara ta yi jinkiri a bayan matsi, don haka sai an ƙara ninkawa da wani adadi da bai kai ɗaya ba. Wannan ya sa ake rubuta girman janareto da kVA, wato kilobolt-amfiya: mai kVA 5 da aka ƙiyasta a kan 0.8, kilowat 4 kawai zai ɗauka.

Wajen awo da mitar gwajin wuta, ana ɗora tsinkayenta a bakuna biyu na na'ura don ganin matsi, ana yanke zagayen a sa ta a tsakiya don ganin kwarara, turjiya kuma ba a auna ta sai an cire na'urar daga wuta.