Ba mu kaɗai ke da karin sauti ba

An daɗe ana cewa karin sauti, wato hawa da saukar murya mai sauya ma'anar kalma, abu ne na harsunan Afirka da na Sin kawai, harsunan Turai ba ruwansu da shi. Ba haka ba ne. Mun auna Turai duka da Ingilishi da Faransanci, shi ya sa.

Bahaushe ya san kukan yaro daban, kukar miya daban. To haka ɗan Sweden yake da kalmar "anden": da wani kari tana nufin agwagwa, da wani kuma ruhi. Rubutu ɗaya, murya ce ke raba gardama.

Sabiyanci, harshen ƙasar Sabiya, ma ya fi zurfi, kari huɗu gare shi: mai hawa da mai sauka, kowanne dogo ko gajere. "Para" da saukar murya tururi ne, da hawanta kuɗi. Vuk Karadžić, masanin harshe ɗan Sabiya, ya sa alamomin kari a ƙamus ɗinsa na 1818.

Abin da ya burge ni, harsunan ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Sabiyanci dangin Rashanci ne, na Sweden dangin Jamusanci. Sai dai nasu karin a gaɓar da aka jaddada yake rataye, namu kuwa kowace gaɓa tana da nata.