Rikodin NS a Tsarin DNS

Rikodin NS wani layin bayani ne a tsarin sunayen intanet, wato DNS, wanda ke faɗin saba, wato kwamfuta mai ba da hidima, da ke da alhakin amsa tambayoyi game da wata shiyya. Lambarsa 2 a jerin nau'o'in rikodi. Paul Mockapetris ne ya tsara DNS a 1983, kuma ƙa'idojin da ake bi har yanzu suna cikin takardun fasahar intanet da ake kira RFC, wato RFC 1034 da RFC 1035 na 1987.

Shiyya yanki ce ta bishiyar sunaye da ke hannun mai kula guda. Inda wata ta ƙare wata ta fara shi ake kira tsaga. Ta sama ita ce uwa, ta ƙasa kuwa 'ya. Misali, com uwa ce ga example.com.

Ana yawan samun ruɗani a kan kalmar "rikodin NS", domin rikodin NS na shiyya ɗaya a wuri biyu yake zama. Kwafin da ke wurin uwa shi ne na miƙa ragama, aikinsa nuna hanya kawai: duk wanda ya zo da tambaya sai a tura shi gaba. Kwafin da ke ƙololuwar 'yar, kusa da rikodin SOA mai nuna farkon shiyya, shi ne mai cikakken iko, kuma RFC 2181 ta 1997 ta fifita shi a kan na uwa. A tsarin tsaro na DNSSEC ma haka abin yake, ana sa hannu a na 'ya, ba a sa wa na uwa. Ya kamata kwafin biyu su zo daidai, sai dai sau tari sukan saɓa, musamman bayan an sauya kamfanin da ke riƙe da sabobin. Shi ya sa cewa "rikodin NS" kurum ba ya isa, sai an faɗi na wane ɓangare.

Suna rikodin yake ɗauka, ba adireshin IP ba, kuma bai halatta sunan ya zama laƙabi irin na CNAME ba. Idan sabar tana cikin shiyyar da take yi wa aiki, kamar ns1.example.com, to ba a isa gare ta sai an san adireshinta, ba a kuma sanin adireshin sai an tambaye ta. Don warware wannan, uwa kan ajiye rikodin A ko AAAA mai ɗauke da adireshin sabar, wanda masana ke kira gam, saboda shi ke manne shiyyoyin biyu.

Idan aka ambaci saba a rikodin NS alhali ba ta amsawa da iko a kan shiyyar, ana ce da wannan gurguwar miƙa ragama. RFC 1034 ta buƙaci kowace shiyya ta samu saba biyu aƙalla. Tushen bishiyar kansa sunaye 13 gare shi, daga a.root-servers.net zuwa m.root-servers.net.

Hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta tattara ma'anar waɗannan kalmomi a RFC 7719 ta 2015, ta sabunta su a RFC 8499 ta 2019, sannan RFC 9499 ta 2024.