Me ake nufi da "kason nasara" a dashen ciki?

Ma'auratan da ke neman dashen ciki, wato IVF, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa, ko a nan Kaduna ko sun hau jirgin Rigasa zuwa Abuja, da wuya su bar ofishin likita ba su tambaya ba: "Likita, kashi nawa ake dacewa?" Adadin da za a faɗa musu shi ne kason nasara. Sai dai kafin adadin ya yi amfani, dole a san me aka ƙirga, kuma a cikin su wa.

Nasarar kanta hawa uku ce. Kwana 10 zuwa 14 bayan dasa ɗan tayi, ana gwajin jini don neman sinadarin hCG. Yakan nuna ciki ya shiga, amma wani cikin yana zubewa tun kafin a gan shi. Hawa na biyu shi ne hoton ciki a mako na 6 ko 7, inda ake ganin jakar ciki da bugun zuciya. Na uku, wanda domin shi aka sayar da fili ko sarƙar gwal, shi ne haihuwar jariri da rai.

A ƙaddara mata 100 sun fara allurar ƙwai. Wasu ƙwan bai nuna ba, wasu bai haɗu da maniyyi ba, aka dasa wa 80. Gwajin jini ya nuna ciki ga 32, 24 suka haihu. Asibiti na iya raba 32 da 80 ya ce kashi 40, bai kuma yi ƙarya ba. Amma matar da za ta fara allura gobe, kashi 24 ne lissafinta, domin waɗancan 20 da suka tsaya a hanya su ma sun biya kuɗi, sun sha allura.

Shekaru ma suna juya lissafin. Ƙwan 'yar shekara 30 ya fi na 'yar 42 kamawa nesa ba kusa ba, don haka haɗa su a adadi ɗaya zalunci ne ga babbar. A Birtaniya, HFEA, hukumar da ke sa ido kan asibitocin dashen ciki, kan fitar da alƙaluma rukuni-rukuni bisa shekaru.

A kuma tambaya ko an haɗa da 'yan tayin da aka daskarar aka dasa daga baya, da yawan tagwayen da ake samu. Dasa 'yan tayi uku lokaci guda kan ɗaga adadi, amma yana iya kawo tagwaye ko 'yan uku, wanda ke ƙara haɗarin bakwaini da hawan jinin ciki.