Flotsam da jetsam ba abu ɗaya ba ne

Masu koyon Turanci da yawa, har da Turawan kansu, suna ɗaukar "flotsam and jetsam" a matsayin tagwayen kalmomi masu nufin tarkace kawai. A hirar yau da kullum haka ake amfani da su, amma a dokar teku ta Ingila kowacce da ma'anarta.

Flotsam kaya ne da aka tarar suna yawo a saman ruwa bayan jirgi ya nutse ko ya fashe, ba wanda ya jefa su. Kalmar ta fito daga "floteson" na Faransancin da Normawa, mutanen Normandy a arewacin Faransa, suka kawo Ingila bayan 1066, daga aikatau "floter", wato yin yawo a kan ruwa. Danginta ne "float".

Jetsam kuwa da gangan ake zubar da shi. Idan guguwa ta taso, jirgi ya yi nauyi, sai matuƙa su watsa wani kaya a teku don su tsira. Gajeren "jettison" ne, tushensa "jactare" na Latin, jifa ke nan. Babu batun iyo ko yawo a cikinsa sam, shi ya sa jetsam yana iya nutsewa.

Akwai ta uku da aka manta, "lagan": kayan da aka nutsar aka ɗaura musu alama mai yawo domin a dawo a ɗauka.

A Birtaniya, dokar jiragen kasuwanci ta 1995 ta lissafa dukkansu, kuma wanda ya tsinci irin wannan kaya dole ya sanar da hukuma cikin kwana 28.