Babban Ogan na Cocin Notre-Dame da ke Paris

Babban ogan na Notre-Dame kayan kiɗa ne mai aiki da iska da ke cikin babban cocin Katolika na birnin Paris, a ƙasar Faransa. Yana da bututai kusan 8,000, da muryoyi 115, da jerin maɓallan hannu biyar, ga kuma jeri guda da ake takawa da ƙafa. Wannan ya sa yake sahun gaba a cikin irinsa a duk faɗin ƙasar. An girke shi ne a kan wani bene a bangon yamma, saman babbar ƙofar shiga, tsakanin hasumiyoyin cocin biyu, daf da babbar tagar nan mai da'ira ta gilashi mai launi-launi. Shi da ginin duka mallakar gwamnatin Faransa ne, kamar yadda dokar 1905 da ta raba addini da hukuma ta tabbatar, cocin Katolika kuwa amfani take yi da su.

Yadda yake aiki

Tushen ogan iska ce. Zugazugi ne ke tara ta, ya tura ta cikin wasu akwatunan katako da bututai ke tsaye a kansu. Idan makaɗi ya danna maɓalli, sai wata 'yar ƙofa mai shafin fata ta buɗe a ƙarƙashin bututu, iska ta shiga, sauti ya fita. Kowane bututu sauti ɗaya tak ya iya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Saboda haka jeri mai maɓallai 56, irin na Notre-Dame, sai an tanadar masa bututai 56 kafin a samu amo iri ɗaya daga ƙasa har sama. Wannan sahu na bututai masu amo iri ɗaya shi ne murya guda. Wasu muryoyin ma bututai uku ko biyar ko fiye ne ke amsa wa maɓalli ɗaya. Ta haka lissafin ke kaiwa dubbai.

Bututan gida biyu ne. Na farko suna busawa ne kamar sarewa, iska ta bugi leɓen wata tsaga a jikin bututun. Na biyu kuwa sun fi kusa da algaita, domin a gindinsu akwai siririn harshe na tagulla da iska ke kaɗawa, su ne ke ba da amon kakaki. Yawancinsu da haɗin kuza da dalma aka ƙera su, wasu manya kuma da katako. Tsawo shi ke yanke kaurin sauti: idan aka rage rabin tsawon bututu, sautin ya ƙara siranta, ya hau zuwa mataki na takwas a jerin sautukan kiɗa. Shi ya sa maƙera ke kiran muryoyi da tsawon babban bututunsu, a ce murya mai ƙafa 8, ko 16, ko 32. Masu ƙafa 32 sun kai kusan mita 10, kuma mai sauraro ya fi jin su a ƙirji fiye da a kunne. Ƙananan ba su wuce fensir ba.

Ogan ba ya ƙara ƙarfi don an danna shi da ƙarfi. Makaɗi yana ƙara amo ne ta hanyar buɗe ƙarin muryoyi, ko kuma ta taka wani mataki da ke buɗe fikafikan katako na wani ɗaki da aka kulle wasu bututan a ciki. Abin da mai shiga coci yake hangowa a jere a gaba ɗan kaɗan ne; sauran suna ɓoye a baya, hawa-hawa, da tsani da 'yan hanyoyi a tsakaninsu don masu gyara.

Tarihinsa kafin ƙarni na 19

A farkon ƙarni na 15, wajen 1403, wani maƙeri mai suna Frédéric Schambantz ya kafa ogan a wannan bene na yamma. An yi ta yi masa ƙari har tsawon shekara ɗari uku, kafin François Thierry ya sake gina shi daga 1730. Rumfar katako mai sassaƙa da ake gani a yau daga aikin Thierry ta samo asali. A shekarun 1780 François-Henri Clicquot ya faɗaɗa shi, ya kuma ƙara masa muryoyin kakaki da suka yi suna.

Ba a daɗe ba juyin juya halin Faransa ya ɓarke. An ƙwace cocin, an narkar da mafi yawan ƙararrawarsa, har an mayar da shi wurin ajiyar kaya. Ogan ɗin ya sha da ƙyar, illa dai an farfasa tambarin gidan sarauta da ke jikin rumfarsa. Ana cewa makaɗi Claude Balbastre ya taimaka wajen tsirar da shi ta hanyar kaɗa waƙoƙin 'yan juyi a kansa.

Aikin Cavaillé-Coll

Mutumin da ya fi kowa barin tambarinsa a wannan ogan shi ne Aristide Cavaillé-Coll, wanda aka haifa a 1811 ya mutu a 1899. An ba shi aikin ne lokacin da masanin gini Eugène Viollet-le-Duc ke gyaran cocin baki ɗaya. Viollet-le-Duc ya sa an cire ƙaramin sashen ogan da ke rataye a bakin benen, bayan makaɗi, don haka dole maƙerin ya cusa komai cikin rumfa ɗaya. Ya yi hakan, ya fitar da ogan mai muryoyi 86, aka ƙaddamar da shi a 1868, manyan makaɗan Paris irin su César Franck da Camille Saint-Saëns suka kaɗa a wajen bikin.

Gwanintarsa ba a yawan bututai take ba. Bai zubar da na magabata ba. Ya riƙe da yawa daga cikin na Clicquot, ya daidaita su da nasa. Ya ba sassa daban-daban ƙarfin iska daban-daban, don kada manyan bututai su shaƙe ƙanana. Sannan ya yi amfani da wata dabara ta Charles Barker, ɗan Ingila: 'yan ƙananan zugazugai da ke ɗaukar nauyin jan sandunan katako da ke haɗa maɓallai da ƙofofin bututai a madadin yatsa. Kafin wannan dabara, haɗa jeri biyar wuri ɗaya sai mai ƙarfin damtse. Burinsa shi ne ogan da zai iya tashi daga raɗa zuwa tsawa ba tare da an ji tsalle ba, kuma waƙoƙin ogan na Faransa na ƙarshen ƙarnin a kan wannan amo aka tsara su. Iskar kuwa har lokacin ƙarti ne ke taka zugazugi da ƙafa su samar da ita; sai a 1924 aka sa injin lantarki.

Vierne da Cochereau

Louis Vierne, wanda aka haifa da raunin gani mai tsanani, ya samu kujerar makaɗin cocin a 1900 bayan gasa. Ya tarar da ogan yana lalacewa, har ya je rangadi Amurka a 1927 yana neman kuɗin gyara. Ranar 2 ga Yuni, 1937, yana tsakiyar wasa a gaban jama'a, ɗalibinsa Maurice Duruflé na gefensa, sai ya kife a kan maɓallai, ƙafarsa ta danne ɗaya daga cikin na ƙasa, sautin ya yi ta ruri a cikin coci. A nan ya cika.

Pierre Cochereau, wanda ya riƙe kujerar daga 1955 zuwa 1984, shi ya fi sauya fasalin abin. A zamaninsa aka maye sandunan katako da wayoyin lantarki, aka kawo sabon teburin maɓallai, aka kuma ƙara kakaki na kwance waɗanda ke nuna bakinsu cikin coci. Ogan ya ƙara kaifi da ƙara, ya dace da irin kiɗan da ake ƙirƙira nan take, wanda Cochereau ya shahara a kai. Sai dai masu kishin Cavaillé-Coll sun ga an yi ɓarna, kuma ba su rasa hujja ba. Gyaran 1990 zuwa 1992 ya maido da wani ɓangare na tsohon amon, ya kuma shigo da kwamfuta wajen sarrafa muryoyi. Bertrand Cattiaux da Pascal Quoirin suka sake wani gyaran da aka kammala a 2014, wanda ya kai adadin muryoyin 115.

Gobarar 2019

Ranar 15 ga Afrilu, 2019, wuta ta cinye rufin cocin, dogon tsinin da ke tsakiyarsa ya faɗo. Babban ogan bai ƙone ba, kuma ruwan 'yan kwana-kwana bai yi masa ɓarna mai yawa ba, domin rufin dutse da ke tsakanin hasumiyoyin ya kare shi. Ƙaramin ogan da ke kusa da bagadi shi ne ruwa ya lalata. Matsalar babban ogan ita ce dalma. Rufin cocin da ita aka lulluɓe shi, da ta narke sai ƙurarta mai guba ta shiga kowane bututu da kowace kafa.

Daga Agusta zuwa Disamba na 2020 aka kwance shi, aka bar rumfar da wasu manyan bututai a inda suke, sauran aka rarraba wa ma'aikatu uku na maƙeran ogan a kudancin Faransa. An wanke bututan ɗaya bayan ɗaya, fatun tumakin da ke cikin akwatunan iska kuwa sauya su aka yi. An mayar da shi a 2023. Daidaita sauti ya ɗauki watanni, kuma da dare aka riƙa yin sa, bayan magina sun tashi, domin mai daidaitawa yana buƙatar shiru kafin ya ji yadda kowane bututu ke amsawa a cikin dogon ginin dutse da ke riƙe amo na daƙiƙoƙi da dama.

A bikin sake buɗe cocin ranar 7 ga Disamba, 2024, Akbishop Laurent Ulrich ya yi kiran tada ogan bisa al'adar cocin, makaɗa huɗu na wurin suka riƙa amsa masa da kiɗan nan take: Olivier Latry, wanda ke kan kujerar tun 1985, da Vincent Dubois, da Thierry Escaich, da Thibault Fajoles.